Kawu Ya Tafi da Ƙidayar Zarensa

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Kawuna, yayan mahaifiyata, masaƙi, ya rasu wata Talata da hantsi a tsakiyar damina, a gidansa da ke bayan kasuwar albasa a Malanbil. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Kwana uku muka yi zaune a tsakar gida muna karɓar gaisuwa. Ni tela ce, kuma tela ko a gidan makoki idonta ba ya barin tufafin mutane. Allah ya yafe mini, ana ce mini "sai haƙuri", ina amsawa, ina kallon abin da ke jikin mai faɗa. Bazan, atamfa, leshi, gwanjo. Cikin duk matan da suka cika gidan nan, huɗu kaɗai na gani ɗaure da saƙar hannunsa, dukansu tsofaffi. Ɗaya daga cikinsu zanenta ya koɗe har baƙin ya koma toka-toka, ga maho a gefe. Da ta iso gaban matar Kawu, wadda muke kira Iya, sai ta kama bakin zanen ta nuna mata.  Iya ta gane shi. Da wannan zane aka kai wannan mata gidan mijinta tun ban zo duniya ba. Suka riƙe hannun juna suna kuka.

A waje, wajen maza, zancen daban ne. Babban ɗan Kawu, taubashina da nake kira Yaya, shi ya riƙa shigo mini da abin da ake faɗa. Wani ɗan kasuwa, bayan an shafa fatiha, ya ce, "Ashe tsohon ga shina nan da rai har bana?" Ba da mugun nufi ya faɗa ba, ya manta da shi ne kawai. Wani kuma ya tambayi sana'ar mamacin, da aka ce masa masaƙi ne sai ya ce, "Har yanzu ana yi?"

Ƙanen Kawu da ke zaune a Gaya, ƙetaren kogin Kwara, bai sami jana'iza ba. An rufe gada a lokacin, sai da kwale-kwale ake tsallakowa, kuma ruwa ya cika. Ya iso wandonsa jiƙe har gwiwa. Bai nufi tabarmar maza ba. Ya wuce kai tsaye rumfar da masaƙar take, ya tsaya yana kallon sandunan da wurin zaman da ya lotsa. Tare suka koyi saƙa suna yara, shi ya bari ya kama sayar da albasa. Ya daɗe tsaye, sannan ya ce, ba da kowa yake ba, "Ni na gudu. Shi ya tsaya."

Amma maganar da ta tsaya mini a rai ta fito ne daga bakin wanda ya yi wa Kawu wanka, wani tsohon masunci abokinsa tun ƙuruciya. Ya zo bakin zaure ya gaida Iya da Dandanci, sannan ya juya Hausa, kamar yana son kowa ya ji.

"Mutumin da ya saƙa ma rabin garin ga likkafani, yau mun naɗe shi cikin yadin kanti. Wallahi hannuna bai so ba."

Iya ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Nashi ya bayar."

Na san wannan labari, kowa a gidan ya san shi. Shekaru da dama da suka wuce Kawu ya saƙa likkafaninsa da kansa, fari tas, da zaren kaɗin hannu, ya ninke ya sa a ƙasan akwati. Wata rana wani ɗan dako daga ƙetaren ruwa ya faɗi ƙarƙashin buhun shinkafa a kasuwa, bai tashi ba. Ba wanda ya san danginsa, sunan garinsu ma kowa da abin da yake faɗi. Ana cikin shawarar a aika kanti a yanko yadi, Kawu ya taso daga cikin taron ya tafi gida, ya dawo da ƙunshi a hammata. Ya ce, "Baƙo ne, uwatai ba ta nan. Ku sa mai wanga." Iya ta yi masa faɗa a ranar, ya ce zai saƙa wani.

Abin da ban sani ba shi ne abin da ya hana shi saƙa wanin. A rana ta uku, da mutane suka ragu, na tambayi Iya. Ta gyara lulluɓinta, sannan ta ce, "Ya tara zaren, ya kusa cika. Shi ne ya yi miki farar rigar nan da kinka kai Kwatano."

Na ce, "Iya, don me ba wanda ya gaya mini?"

"Na ce mai ya gaya miki. Ya ce ke taki rana an sa ta, shi tashi ba a gaya mai ba."

Rigar nan na nuna ta a wani baje-kolin masu ɗinki, aka yi ta tafi, wata mata da ban san sunanta ba ta saya ta tafi da ita. Ko ina son in dawo da ita ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.

Ina rubuta wannan ne don na ji da kunnena yadda ake manta mutum tun yana numfashi. Ba na son a ƙarasa mantawa da shi ban ce komai ba.

Idan na rufe ido, a rumfarsa nake ganinsa, ƙafafu bisa matakai, goro a kumatu, rediyo rataye a jikin sanda. Zaren saƙarsa yana miƙewa daga gabansa har ƙarshen tsakar gida, inda aka ɗaure shi da wani katako mai ɗauke da dutse, wanda masaƙa ke kira kunkuru. Yana saƙa, dutsen yana matsowa a hankali. Muna yara da wannan dutse muke gane lokaci. In ya kai bakin randa, azahar ta yi. Awakin gidan ma sun koyi zagaye zaren. Mu kuwa duk wanda ya tsallake shi, ba duka ba zagi, Kawu zai ajiye ƙoshiyarsa, ɗan katakon nan da ke kai zare da kawowa, ya zuba maka ido har sai ka koma ka zagayo da kanka.

Da Dandanci yake gaisuwa, da Hausa yake faɗa, amma ƙidayar zare da Zabarmanci yake yi, ƙasa-ƙasa, don wanda ya koya masa Bazabarme ne daga wajen Dosso. In mace ta matsa masa da tambayar yaushe zanenta zai fito, amsa ɗaya gare shi: "Ran da ya ƙare za ki ji." In an kawo masa zaren kasuwa, sai ya tsinki kaɗan ya kai wa garwashi. In ya ci ya zama toka, ya karɓa. In ya narke ya dunƙule kamar leda, sai ya miƙa wa mai shi ya ce, "Kai ma masu kamun kifi, su yi taru."

Bayan girbi manyan kamyoyi, motocin ɗaukar kaya, kan bi hanyar Gene shaƙe da auduga, sun nufi kudu. Iska tana yago ta tana watsawa a bakin titi. Na sha ganin Kawu, tsoho da farin gemu, yana dawowa daga masallacin Juma'a yana duƙawa yana tsintar ta yana cusawa a aljihu. Na ce masa mutane na kallo. Ya ce, "Su kalla. Tamu ce, tana wucewa bisa kanmu, mu kuma muna sayen zaren da ya ƙetaro teku."

Mun yi faɗa sau ɗaya, kuma faɗan ne ya zama mafarin duk abin da na iya a yau.

Na yi shekaru a Kwatano ina koyon ɗinki. A can na ga yadda wasu masu kuɗi, baƙaƙe da farare, suka fara ƙosawa da kayan masana'anta suna neman abin da hannu ya yi, wanda aka rina da ganye. Na dawo gida da kaina cike da tsare-tsare. Na roƙi Kawu zane ɗaya, ya ba ni wani baƙi mai ratsin fari, yana zaton ɗaurawa zan yi. Na shimfiɗa shi bisa teburi, na zana da alli, na sa almakashi. Na fitar da kwat irin ta mata masu zuwa ofis, da 'yar jaka. Ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Na kai masa ina rawar jiki.

Ya karɓa ya juya ta ciki da waje. Ya bi bakin ɗinkin da yatsa. Sannan ya ce, "Ina saura nai?"

"Wane saura, Kawu?"

"Ƙwarya goma sha biyu na ba ki. Nan takwas ne, su ma an yi musu gunduwa-gunduwa. Ina saura?"

Ƙwarya ita ce siririyar saƙar da ke fita daga masaƙa, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, ita ake jerawa a ɗinke ta zama zane. Na ce masa ƙyallaye ne suka rage, na share su.

"Kin share."

"Kawu, haka ake ɗinkin zamani. Dole a yanka."

"Wata ta duƙa ta tsinci abdugar ga cikin rana. Wata ta kaɗa ta har yatsunta sunka tsage. Ni na zauna mata kwana ashirin. Ke kuma kin sa tsintsiya." Ya ajiye kwat ɗin a ƙasa, ba a hannuna ba. "Ɗauki abinki."

Ni ma ƙuruciya na kaina. Na ce masa in ba a sake wa saƙarsa fasali ba, da shi za a binne ta. Na faɗa, a gaban Iya.  Ya ɗauki ƙoshiyarsa ya ci gaba.

Daga ranar har bayan babbar Sallah, in na gaishe shi sai ya amsa da "lahiya" ɗaya tak, idonsa na kan zare. Mahaifiyata ta je ba shi haƙuri, ya ce mata ba fushi yake ba. Ta dawo ta ce mini, "Tun muna yara haka yake. In ya ce bai yi fushi ba, to a nemi wurin ɓuya."

Sai wata ranar kasuwa ina kan keken ɗinki na ga inuwa ta rufe ƙofar shagona. Kawu ne. Bai taɓa tako wurin ba. Ya ƙi zama. Ya ciro wata igiya daga aljihu ya ce, "Tashi ki juya."

Na juya. Ya auna bayana daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ya ƙulla igiyar. Ya auna daga wuya zuwa gwiwa, ya ƙulla. Ya auna hannu. Ya fita. Bayan mako uku Iya ta aiko a kira ni. Na iske ƙwarya-ƙwarya jere bisa tabarma, wasu dogaye wasu gajeru, kowace an rufe bakinta tun a masaƙa. Ya nuna da sanda. "Waɗanga baya. Waɗanga gaba. Waɗanga hannuwa. Nan na bar ƙofar wuya. Ki haɗa da allura. In na ji ƙarar almakashi, kada ki sake zuwa."

Na haɗa. Riga ta fito, ko zare ɗaya bai faɗi ƙasa ba. Da na kai ta Kwatano, wata da ta yi karatun zanen tufafi a waje ta riƙe ta tana ta mamaki, ta ce ai wannan shi ne abin da manyan makarantu ke ta bincike a kai, ɗinkin da ba ya barin shara, har suna gare shi da Faransanci. Na dawo na gaya wa Kawu. Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Ya ce, "Ki ce musu kakana ya gaishe su."

Shekara shida muka yi a haka, shi yana saƙa, ni ina haɗawa. Su ne shekarun da na fi jin daɗi a rayuwata, kuma su ne na fi yin wauta, don na ɗauka abin zai dawwama. Masu so suna ƙaruwa, hannun da ke yi ɗaya ne, kuma yana tsufa. Ina gani, ina kawar da kai.

Mutane a wurin makoki sun yi ta zunɗen Yaya, wai ya bar sana'ar ubansa ya kama kabu-kabu, yana jigilar mutane a moto, wato babur, tsakanin tasha da bakin ruwa. Ina son a san gaskiya. Yaya ya iya saƙa, ya fara tun yana ƙarami. Da ya isa aure ya nemi wata yarinya, suka daidaita, manya suka je. Dangin yarinyar suka karɓe su da mutunci, suka ba su ruwa, sannan suka aiko daga baya cewa su ba su haɗa jini da masaƙa.  Washegari Kawu ya kwance masaƙar Yaya da hannunsa, ya ɗaure sandunan ya jefa bisa rufin ɗaki. Ya ce, "Ni an riga an san ni da ita. Kai tahi ka nemi wani suna." Yaya ya gaya mini ranar ya yi kuka, kuma har yau bai san ko na baƙin ciki ne ko na samun sauƙi ba.

An taɓa yin wani proje, wato shirin tallafi, a garin, wasu daga kudu suka zo da niyyar farfaɗo da saƙa. Sun kawo masaƙu na ƙarfe masu faɗi, suka tara 'yan mata za su koya musu. Ni na kai sunan Kawu, na ce ga wanda ya fi kowa sani. Aka aiko masa da takardar gayyata. Ya sa babbar rigarsa ta Sallah, na ɗauke shi a bayan motona. Aka zaunar da shi a kujerar gaba, aka kira shi uban masaƙa, aka tafa. Aka ɗauki hotonsa da shugabannin, aka ba shi hula mai tambari da kwalbar lemo. Aka yi jawabai da Faransanci har azahar. Aka tashi.

A hanyar komawa na ji wani abu mai tauri yana tokare mini baya. Da muka sauka na ga ƙoshiyarsa ce a aljihun gaba. Ya zo da ita ne yana zaton za a ce ya nuna.

Ban zargi mutanen nan ba. Wasu daga cikin 'yan matan suna saƙa har yau da zaren kanti, suna ci da kansu, kuma abin alheri ne. Amma ba saƙar Kawu ba ce, kuma ba wanda ya tambaye shi ko da tambaya ɗaya.

Na daɗe ina roƙonsa ya koya mini. Kullum sai ya ce mace ba ta zama a masaƙar maza. "Ba ni na hana ba, haka na iske." Na ce to bari in ɗauke shi a salula yana aiki. Ya yarda, da sharaɗin kada fuskarsa ta fito. Ina da hotunan nan masu motsi da yawa. Ina kallonsu har yau. Hannaye ne kawai, suna gudu, da leɓensa daga gefe yana motsi.

Sai da yanar ido ta fara rufe masa gani. Wata safiya na zo na iske an kewaye rumfar da zana sabuwa, ta yadda na waje ba zai ga na ciki ba. Ya taso daga wurin zamansa, ya dafa sanda, ya ce, "Zo zauna. Kada ki gaya ma uwarki."

Na zauna. Wurin da ɗumin jikinsa.

Wata bakwai na yi ina zuwa kowace safiya kafin in buɗe shago. Na koyi wadari, wato jera dogon zaren kafin a ɗora shi. Na koyi taka matakai da jefa ƙoshiya ba tare da ta faɗi ba. Na iya fari, na iya ratsi. Amma abin da ya sa ake neman Kawu tun daga Kandi har Dosso shi ne adon da yake tsinta da yatsa a cikin saƙa, musamman wani da mata ke kira igiyar Kwara, shuɗi mai lanƙwasa kamar ruwa in iska ta taɓa shi. Wannan sai da ƙidaya: a ɗaga zare kaza, a bar kaza, layi bayan layi, kuma kowane layi da nasa.

Na zo da littafi da biro. Na ce, "Kawu, yi a hankali kana faɗa, ina rubutawa."

Ya fara. Layi na ɗaya, na biyu, na uku. A na huɗu ya tsaya. Ya koma baya. Ya sake tsayawa. Ya ce, "Ajiye biron nan, shina kallona." Na ajiye. Ya rufe ido, yatsunsa suka ruga, adon ya fito daidai. Na ce to nawa ka ɗaga? Ya buɗe ido ya dubi hannunsa kamar na wani.

"Ɗiyata, in na tsaya in hwaɗa miki, sai shi gudu. Ba cikin kaina yake ba."

Mun gwada ta kowace hanya. Na sa ya yi ina ƙirgawa da tsinke bayan ya gama. Na warware wata tsohuwar ƙwarya layi-layi ina rubutawa. Na cika littafi biyu. In na bi abin da na rubuta, sai ruwan ya fito a karye, kamar matakalar bene. Ya shafa da yatsa, don lokacin ba ya gani sosai, ya ce, "Lissahin daidai ne. Hannun ne bai ji ba tukuna. Ni shekara tara na yi kahin nawa ya ji."

Na ce, "To ai sai ka jira ni shekara tara."

Ya ce, "In an bar ni."

Wannan karon ne kaɗai na ga hawaye a idonsa, ya ce hayaƙin murhun Iya ne. Iya ko wuta ba ta hura ba.

Da damina ta yi tsaka zazzaɓi ya kama shi, ƙirji ya biyo baya. Mun kai shi likita, aka yi abin da za a iya. Kwanansa goma sha ɗaya a kwance. Ko a kan gadon yatsunsa na dama ba su daina motsi bisa bargo ba. Na zauna ina kallonsu ina ƙoƙarin ƙirgawa, har na ji kunyar kaina na fita waje.

Masu saye daga Kwatano suna kirana har yanzu. Ina ce musu a yi haƙuri. Wata ta ce in nemi wani masaƙin mana, ai ba shi kaɗai ba ne. Na nema. Na tsallaka Gaya da salulata na nuna wa wani dattijo da ke saƙa a can. Ya kalla sau uku, ya miƙo mini ya ce zai iya yin mai kama da shi, amma in wannan nake so, to in yi wa mai shi addu'a.

Bayan kaka, Iya ta fita takaba da 'yan kwanaki, ina gidan da rana muna tsintar shinkafa, sai muka ji sallama. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, ƙafafunta fari fat da tafiya, da kwando a ka. Tun daga zaure take ɗaga murya tana dariya.

"Ina tsohon nan mai tsegumin zare? Ya hito, na zo!"

Ta shigo. Ta dubi rumfar, ta ga an lulluɓe masaƙar da tabarma an danne da duwatsu. Ta dubi Iya. Dariyar ta tsaya mata a fuska.

Daga wani ɗan ƙauye take a bayan Tumbutu ta nan yankinmu, inda ruwa ke yanke hanya duk damina. Sau ɗaya take zuwa a shekara, ta kawo wa Kawu zaren da ta kaɗa. Ni ban taɓa haɗuwa da ita ba, kullum ina shago. Iya ta san fuskarta, amma ba ta san sunan ƙauyen ba, balle a aika.

Ta sauke kwandon da kanta, ta zauna a ƙasa, ta ƙi tabarma. Ta yi salati, ta yi masa addu'a mai tsawo. Sannan ta buɗe kwandon. Dunƙule-dunƙulen zare ne, a jere kamar ƙwai.

Ta ce, "Mu bakwai muke kaɗi a garinmu. Saura ni. Kowace shekara in na kawo, sai ya ja zaren ya kai baki ya ciza, ya ce, 'Ya yi kauri.' Sannan ya kwashe duka. Shekara talatin bai taɓa cewa ya yi kyau ba." Ta ɗauki dunƙule ɗaya ta juya shi a tafinta. "Bana na yi shi siriri. Tun farkon rani nike kai, don in ruhe mai baki."

 Can ta ɗago ta dube ni.

"Ke ce telar da yake zance?"

"Ni ce, Inna."

"Kin iya?"

"Fari kaɗai na iya, da ratsi. Su ma suna karkacewa."

Ta gyaɗa kai. Ta tura kwandon gabana da hannu biyu. Na ce a bari in sallame ta kamar yadda yake yi, ta ce ba nawa ba ne balle in biya, nashi ne. Iya ta kawo mata ruwa da tuwo, ta sha ruwan, ta bar tuwon. Da ta miƙe za ta tafi na raka ta har bakin titi. Na ce, "Inna, baɗi ma ki kawo. Zan karɓa, ko nawa ne."

Ta tsaya tana kallon motocin da ke wucewa. Ta ce, "Ke za ki ce ya yi kyau, ko ya yi ko bai yi ba. Wa zai ce mini ya yi kauri?"

Ta hau bayan wani kabu-kabu, ta riƙe ɗankwalinta da hannu ɗaya, suka tafi. Sai da suka ɓace na tuna ni ma ban tambayi sunan ƙauyen ba.

Na koma ciki. Na ɗauki dunƙule ɗaya, na ja bakin zaren, na kai shi tsakanin haƙorana na ciza. Na daɗe a haka. Ban san abin da ya kamata in ji ba.

Allah ya ji ƙanka, Kawu. Ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata maka kabari, ya suturta ka da abin da ya fi duk wanda ka suturta bayinsa da shi. Mu kuma da ka bari da zare a hannu, Allah ya dube mu.